Geron Baba a Ƙasar Jamus

Kare ne ya fara yi mini maraba a ƙasar Jamus. Ina tsaye a filin jirgin Frankfurt ina jiran kayana, sai ga shi baƙi wuluk, ya zo ya zauna a gaban jakata kamar wanda aka aiko. Jami'an kwastan biyu, mace da namiji, suka ce in biyo su. A kan wani dogon tebur suka zazzage jakar kaf: kilishin da Inna ta sa aka sayo mini, kuka, yaji, daddawa, sai ƙananan robobi cike da gero, kowace an rubuta sunan gonar da aka ɗebo ta. Kilishin suka jefa a kwandon shara ina kallo, wai ba a shigo musu da nama. Daddawar kuwa macen ta shinshina, ta ja da baya, ta tambaye ni ko ta lalace ne a hanya. Geron ne kaɗai yake da takardar izini daga malamin da zan yi karatu a wurinsa, amma shi suka fi daɗewa suna jujjuyawa.

"Abincin tsuntsaye ne?" in ji namijin.

Na ce, "Abincinmu ne."

Sunana Habu. Ƙauyenmu yana ƙasar Shanono, inda gona take manne da gona, ba ka ganin daji sai dai kuka da ɗorawa tsaye a tsakiyar shuka. Na karanta kimiyyar sinadarai a Kano, na samu aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata kwaleji, ina zaune a ɗakin haya a Bacirawa. Ban taɓa sa wa raina fita waje ba. Gero ne ya fitar da ni.

Samarin garinmu ne suka fara tafiya haƙar zinari, suna dawowa da duwatsu a buhuna, suna farfasawa suna niƙawa a bayan gari, dab da filin da mata suke sussuka da shiƙa. Ba a jima ba yara suka fara wani irin ciwo, zabura da suma. Ɗan yayata Hajara yana cikinsu. A asibiti aka ce gubar dalma ce. Kafin ka ce kwabo magana ta kai kasuwa, 'yan awo suka fara ƙin geronmu, wai ƙasar garin gaba ɗaya ta ci guba. Rumbun Baba cike, babu mai taya. Wasu magidanta har sun fara zancen sayar da gonakin gado su koma birni.

Na ɗebi geron na narkar da shi a ruwan asid a kwalejinmu, na kuwa ga dalma. Amma wannan gwajin ba ya faɗin inda take. Idan a cikin ƙwayar take, to daga ƙasa ta hau ta saiwa, gonakinmu sun mutu. Idan a fatar ƙwayar take, to ƙura ce ta sauka a kai, abin da gyara. Na'urar da za ta raba wannan gardama ban same ta a kusa ba. Na yi ta aika saƙo jami'o'i har wani farfesa a gabashin Jamus ya amsa, ya ce in zo in yi digiri na biyu, makaranta kyauta ce amma ci da kwana suna wuyana. Baba ya sayar da shanun huɗarsa. Bai ce mini komai ba sai, "Ka je ka gano mana gaskiya."

Daga Frankfurt jirgin ƙasa na shiga, na yini ina sauka ina canjawa, har na isa garin da jami'ar take. Tun ina Kano na kama ɗaki ta intanet a hannun wani mutum mai daɗin baki, wanda ya turo mini hotunan gado da taga da furanni, ya karɓi kuɗin ajiya. Na ja jakata har ƙofar gidan, na danna ƙararrawa. Wata tsohuwa ta buɗe. Na nuna mata hoton a waya, ta duba, ta girgiza kai, ta yi magana mai tsawo da Jamusanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane tausayin da ke fuskarta, na kuma gane ba ni ne na farko ba. Na kira lambar mutumin, a kashe.

Na koma tashar jirgin na zauna a kan benci. La'asar ba ta yi ba amma gari ya fara rufawa, sanyi yana shiga ta tafin takalmina yana hawa har haƙora. Ina tunanin shanun Baba. Can sai na ji wani a bayana yana waya da ƙarfi, da Hausa: "Ka gaya masa ina zuwa, ka ce ya dafa shinkafa da yawa." Na waiwaya da sauri har wuyana ya amsa. Dattijo ne gajere, sanye da rigar masu shara, yana tura keken tsintsiya.

Na yi masa sallama. Ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai Bakano ne? Me kake yi a nan kamar kazar da ruwa ya doka?"

Alhaji Isa ke nan, mutumin zangon Kumasi ta ƙasar Gana, ya daɗe a Jamus har ya manta shekarun. Wanda ya ce a dafa shinkafar ashe matarsa ce, don Hausarsu ba ta raba mace da namiji. A falonsa na kwana har sanyi ya yi nisa. Shi ya ba ni rigar sanyi ta kirki, shi ya koya mini ware shara kashi-kashi yadda dokar ƙasar ta ce, shi ya samo mini aikin jera kwalaye a wani katafaren sito a bayan gari. Da na ce zan kai ƙarar wanda ya cuce ni, ya raka ni wurin 'yan sanda, muka fito ya ce, "Ka rubuta, sun rubuta. Yanzu ka bar wa Allah, ka je ka yi abin da ya kawo ka."

Ranar da na fara ganin na'urar na tsaya kamar baƙauye a gaban jirgi. Tana cikin wani ɗaki a ƙarƙashin bene, sai ka cire takalmi ka sa farar riga da hula kafin ka shiga. Wata injiniya ce take kula da ita, Madam Uta, doguwa mai furfura, ba ta ɓata magana. Ita ta yi mini bayani. Akwai akwati da ake ajiye abin da za a gwada. Hasken lesa, siriri wanda bai kai kaurin gashi ba, yana tsattsagar abin, yana tayar da ƙura 'yar mitsitsiya. Iskar gas ta kwashi ƙurar ta kai ta cikin wata wuta mai zafin da ya wuce na fuskar rana, ta tarwatsa ta. Daga nan ma'auni ya tace abin da ya fito gwargwadon nauyinsa, ya ce ga ƙarfe, ga tutiya, ga dalma, ko da abin bai kai digo a cikin rijiya ba. Kuma da yake hasken tafiya yake a kan layi, zai gaya maka daidai wurin da kowanne yake zaune.

Na ce a raina, to Habu, ga alƙalin da ka zo nema.

Sai dai alƙalin yana da layi. Masu duwatsu suna jira, masu ƙashin kunnen kifi suna jira, masu tsoffin haƙora da fasassun tukwane suna jira. Sannan doka ce ba wanda zai taɓa na'urar sai ya gama horo a hannun Madam Uta, horon kuma da safe ake yi, daidai lokacin da nake sito ina ɗaga kwalaye. In na bar siton ba ni da abin biyan haya. Na roƙe ta ta sauya mini lokaci, ta ce tsari tsari ne. Saboda haka aikina ya zama na shiri. In ɗauki ƙwayar gero da ɗan hantsaki, in binne ta a cikin wani danƙo mai daskarewa kamar gilashi, in yanka ta biyu, in yi ta gogewa har fuskarta ta yi sumul. Geron Baba, geron maƙwabta, da wanda na ɗebo a gonar gwaggona a Kunci, inda ba a niƙa dutse, don kwatance. Yatsuna suka tsattsage. Wani lokaci ina gogewa sai ƙanshin gero ya ɗan taso, in tuna kunun Inna, in ajiye aikin in fita waje in sha iska.

Ana cikin haka Kawu Sale ya kira ni. Ƙanin Inna ne, mutum mai baki, wanda in ya zauna a ƙofar masallaci ba a rasa masu saurare. Ɗansa Nura taubashina ne, na girme shi da 'yan shekaru, ilimi iri ɗaya muka karanta. Tun muna yara, da yake shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, "bawana" yake ce mini, ni kuma in ce masa ubangidan da ba ya ba da kuɗin shara.

"Habu," in ji Kawu, "ɗan'uwanka yana nan zaune ba aiki. In da wata ƙofa a can, ka tura masa ita."

Ƙofar kuwa akwai. A lokacin aka sanar da wani tallafin karatu na ɗaliban Afirka, mai biyan haya da abinci da kuɗin jirgi. Na karanta sharuɗɗan, sai na iske shekaruna sun ɗan haura iyakar da suka sa. Kaɗan ƙwarai. Na daɗe zaune ina kallon allon. Sannan na kira Nura. Ni na gyara masa bayanansa, ni na shiga ofishin Farfesa na ce ina da ɗan'uwa mai ƙwaƙwalwa. Ban yi ƙarya ba, kuma Allah ya sani a ranar da zuciya ɗaya na yi.

Nura ya sauka lokacin da itatuwa suka fara toho, rana ta dawo, mutane suna zama a kan ciyawa. Ni na tarye shi a filin jirgi. Babu kare, babu tsohuwa a bakin ƙofa, babu benci. Ɗakinsa na makaranta yana jiransa da ɗumi. A cikin jirgin ƙasa ya leƙa taga ya ce, "Bawana, ashe duk kukan sanyin nan da kake mana a waya shagwaɓa ce? Ai ƙasar nan aljannar duniya ce."

Na yi dariya. Amma a nan na fara jin wani abu ya tsaya mini a ƙirji kamar loma ba ruwa.

Nura irin mutanen nan ne da Allah ya yi wa farin jini. Kafin kaka ya iya gaisuwa da barkwanci da Jamusanci. Ba shi da sito, saboda haka kullum da safe yana gaban Madam Uta. Wata rana na dawo daga aiki, bayana yana ciwo, na sauka ƙasan benen, sai na jiyo dariya. Madam Uta ce. Matar da na shekara ina gaisarwa tana amsa mini da ka, ita ce take dariya har da dafa tebur, Nura yana kwaikwayon yadda take kunna wutar na'urar. A wuyansa kuma ga katin buɗe ƙofar ɗakin yana lilo. Ni har lokacin sai na ƙwanƙwasa.

Na taya shi murna. Na ma saya masa shawarma. Amma tun daga ranar idona ya koma ma'auni. In Farfesa ya tsaya a baranda ya yi magana da shi, sai na auna tsawon tsayuwar. In an kira shi shan shayi ba a kira ni ba, sai in ce dama ba na so. Har Alhaji Isa, da na kai masa Nura gaisuwa, na ji haushin yadda matarsa ta ƙara masa nama. Ina sallah ina roƙon Allah ya cire mini, in sallame in ga abin yana nan zaune yana jirana a bakin darduma.

Da layi ya zo kan geronmu, Farfesa ya kira mu tare. Ya ce tunda Nura ne mai izinin taɓa na'urar, shi zai gudanar da gwajin, ni in tsaya kusa in nuna masa samfuran. Ya faɗa ne kamar abin da ba ya buƙatar tunani. Ta wajensa kuwa haka ne.

Ranar na roƙi hutu a sito. Muka sa fararen riguna. Nura ya zauna a kujerar, ni ina tsaye a bayansa da tiren samfura a hannu.

"Bawana, miƙo na farko."

Ya faɗa yadda ya saba faɗa tun muna tallan rake. Amma a cikin ɗakin nan, a gaban Madam Uta, kalmar ta sauka mini daban. Na miƙa masa. Geron gonar Baba ne ta bakin rafi, wadda na yi noma a cikinta tun ina bin bayan garma.

Ƙwayar ta fito a allo, ta cika shi, ƙatuwa kamar wata, ga fatarta siririya a gefe, ga farin garin a ciki. Nura ya ja layi daga waje ya ratsa ta zuwa tsakiya. Ya danna. Wani ɗan digon haske ya fara tafiya a hankali yana barin tabo. A ɗaya allon kuma zare ya fara zana kansa. Da hasken ya taɓa fatar, zaren dalma ya yi tsalle sama kamar an tsikare shi. Hasken ya wuce fatar ya shiga cikin garin, sai zaren ya faɗo, ya faɗo, ya kwanta a ƙasa, ya ci gaba da tafiya a kwance har tsakiya.

Madam Uta ta ce ƙwaya ɗaya ba hujja ba ce, a sa wata. Aka sa wata, aka sa ta maƙwabta, aka sa ta Kunci. Ta Kunci babu tsalle ko a fatar. Namu duk iri ɗaya: a waje guba, a ciki lafiya. Ƙura ce. Ƙasarmu ba ta mutu ba.

Na ce alhamdu lillahi, idona ya kawo ruwa. Wannan shi ne abu na farko da na ji, kuma ina gode wa Allah da ya sa shi ne na farko. Na biyun ya biyo shi ba tazara: me ya sa ba yatsana ne ya danna ba?

Madam Uta ta dafa kafaɗar Nura ta ce aikinsa ya yi tsabta. Sannan ta juyo ta ce mini yankan samfuran ma ba laifi.

Ina tsaye ina mayar da samfuran cikin akwatinsu ɗaya bayan ɗaya, don ba a barinsu a buɗe, Nura ya fita baranda da waya. Ta cikin ƙofa ina jiyo shi: "Baba, an gano! Wallahi an gano, gonaki lafiya lau!" Washegari Juma'a ce. Kawu Sale ya miƙe bayan an idar da sallah ya sanar wa gari cewa Nura ya saka geron garin a injin Turawa ya gano gaskiya.

Da na samu Baba a waya, muryarsa tana rawa don murna.

"Habu, ka ji abin arzikin da Nura ya yi mana? Allah ya yi wa yaron nan albarka. Kai ma ka riƙa kama masa, ka ji? Kada ka bar shi da aiki shi kaɗai."

Na ce, "To, Baba."

Shanunsa ne suka kawo geron nan ƙasar. Ya sani sarai. Amma labari yadda ya fara shiga kunne haka yake zama, ni kuma ban iya buɗe baki in ce wa mahaifina ni ne ba. Na kashe wayar na zauna a bakin gado. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan 'yan watanni aka gayyaci sashenmu wani taron masana a wata ƙasa maƙwabciya. Tallafin Nura yana biyan kuɗin tafiya taro, ni ba ni da mai biya. Farfesa ya ce Nura zai gabatar da aikin, sunana yana jiki. Ana jibi zai tafi ya zo ɗakina da rana, ina tuƙa tuwon semo, ya zauna yana gwada jawabinsa da Turanci. Ya iya. Wallahi ya iya, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Da ya kai wurin da yake cewa "geron da muka tattaro daga ƙauyenmu", na ajiye muciya.

"Mu wa?"

Ya ɗago yana murmushi. "Bawana, kishi kake da ubangidanka?"

"Kada ka sake ce mini bawa."

Murmushin ya ɗauke. Tun da muka taso ban taɓa hana shi ba.

Na ce, "Kana ina na bi gona-gona ina roƙon mutane tsabar gero suna mini kallon mahaukaci? Kana ina na kwana a falon mutane? Ka zo ka tarar da tuwo a kwano, ka sa hannu, gari ya ɗauka kai ka noma."

Ya ce a hankali, "Na gaya wa Baba aikinka ne, Habu. Sau nawa ina faɗa. Ka san halinsa. Me kake so in yi? In ƙi dannawa? In ce wa Farfesa a jira sai ka bar sito?"

Gaskiya ya faɗa, gaskiyar kuma ba ta rage mini komai ba. Ya tashi ya ɗauki jakarsa. Tuwon ya kama a tukunya, ni kaɗai na ci.

Na kai wa Alhaji Isa ƙara ina zaton zai goya mini baya. Yana jiƙa burodi a shayi ya saurare ni har na gama.

"Yaron ya zalunce ka?"

"A'a."

"Ya yi maka ƙarya?"

"A'a."

"To ciwonka ba shi da mai laifi, shi ya sa ya fi zafi. Ni na zo ƙasar nan da wani abokina a jirgi ɗaya. Yau yana da manyan motoci suna yawo, ni ina da tsintsiya. Har gobe in na gan shi sai na ji abin. Ba ya tafiya, Habu. Sai dai kada ka ba shi abinci."

Na gama digirina da sakamako mai kyau. Farfesa yana da gurbi ɗaya na digirin digirgir, kuma ba sai na faɗi wanda ya samu ba. Bizata ta ƙare, na haɗa kaya. Nura ya raka ni tasha, muka yi musabaha kamar surukai, ya ba ni saƙon magunguna in kai wa Kawu, wanda ciwon suga ya fara kayarwa.

A gida na tarar an yi abin da sakamakon ya nuna. Mai gari ya kori niƙan dutse zuwa nesa da gari, an kankare ƙasar tsohon filin an binne, an sauya wurin sussuka, mata suna surfe su wanke gero sosai su zubar da dusar wancan tsohon amfanin. 'Yan awo sun dawo sannu a hankali. Ɗan Hajara ya rayu, sai dai maganarsa ta yi nauyi har yau. Ni na zauna da ma'aikatan lafiya, ni na bi gida-gida ina bayani. Duk inda na gama sai a ce, "Allah ya saka. Yaya Dakta Nura? Yaushe zai zo?" Tun bai zama dakta ba suka naɗa shi.

Na koma kwalejina a Kano, ina zuwa gida duk ƙarshen mako. Jikin Kawu ya ci gaba da lalacewa. Da yake ni ne mai mota a dangi, ni nake kai shi asibiti in dawo da shi. A hanya ba shi da zance sai na Nura, ni kuma ina tuƙi ina cewa haka ne, Kawu. Wata Asabar da hantsi, damina ta yi tsakiya, gero ya kai ƙugu, Kawu ya cika a ɗakinsa, kansa a kan cinyata, don ni na ɗago shi zan ba shi ruwa. Kafin azahar an yi masa sutura. Babu jirgin da zai kawo Nura a wannan tsakanin.

Mun dawo daga maƙabarta, ina zaune a gindin ɗorawar ƙofar gidan Kawu, ƙafafuna duk jar laka, wayata ta yi ƙara. Nura ne. Tun rabuwarmu a tasha gaisuwar salla kawai take haɗa mu.

"Habu." Muryarsa ta dushe. "An kai shi?"

"An kai shi. Allah ya ji ƙansa. Jama'a ta taru sosai."

"Wa ya shiga ramin?"

"Ni da wanka, Yaya Ado."

Sai ya sake tambaya:

"Ya ce wani abu?"

"Ya yi kalmar shahada. Kafin nan ya tambaya ko ka kira."

Na ji ya ja numfashi ya sake shi da kyar. Ya ce, "Kai ka riƙe shi. Kai ka sa shi a ƙasa. Ni ina nan ina ƙona gero." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ka san tun muna yara, in abu ya taso a gida, kai ake kira? Ni sai dai a ba ni labari. Wallahi Habu, yau da za a ce mu yi musaya, da na ba ka duk abin da ke nan."

Na yarda da shi. Na yi masa ta'aziyya da duk zuciyata, na ce ya yi haƙuri, na ce Kawu ya tafi yana alfahari da shi, wanda kuwa gaskiya ne. Hawaye suna zubo mini ina share su da hannun riga.

Sai na lura da wani sauti a bayan muryarsa, wani gunji siriri mai ɗorewa. Na san shi. Famfon na'urar ne.

"Kana ina yanzu?"

"Ƙasan bene. Na kasa zama a ɗaki ni kaɗai."

Ga ƙasar kabarin ubansa a ƙafata ba ta bushe ba, ga mata suna kuka a cikin gida, ga mutumin da ya rasa abin da ba a mayarwa yana kuka a kunnena. Amma Allah ya gafarta mini, kunnen nawa ya bar kukan ya bi gunjin nan. Na daɗe ina saurarensa.

Na ce, "Nura, me ka saka a ciki yau?"